Kifin da Ƙuda Ya Ƙi

Kun daɗe kuna yi mini dariya a kasuwa. Duk wanda ya taɓa raka ni sayen kifin banda a cikinku ya san halina: sai in tsaya gaban tire in harɗe hannu, in yi ta kallo kamar wadda ta manta abin da ya kawo ta, kuma ba na taya kifi sai na ga ƙuda ya sauka a kansa. Asabe ce ta fi kowa baki, ita ke cewa Inna ba ta sayen kifi sai ƙuda ya ɗanɗana mata. To, ki ci gaba da dariyarki, amma yau zan gaya muku inda na samo wannan hali. Zan kuma gaya muku abin da ya kai mu Shanga muka yi wata bakwai a gidan iyayena, domin na san abin da dangin babanku suka faɗa muku, wai ni na tona wa mijina asiri a bainar jama'a na karya masa kasuwa. Ba duka suka yi ƙarya ba. Sai dai sun fara labarin daga tsakiya, kuma sun cire sunan Ige daga cikinsa, alhali ba don ita ba da babu labarin.

A daminar da ta biyo bayan raba jiharmu da Sakkwato abin ya faru. Muna zaune a ƙauyenmu na bakin ruwa cikin ƙasar Ngaski, a gidajen nan da gwamnati ta gina wa iyayenmu lokacin da ruwan dam ya cinye tsohon gari. Babanku, Allah ya ji ƙansa, ya riga ya bar kamun kifi ya koma fataucinsa. Da sassafe yakan tari Sarkawa masunta a bakin ruwa ya saye abin da suka kamo, mu mata mu farke, mu wanke, mu lanƙwasa, mu jera a kan banda. Idan ya bushe sai a baje shi a kan tabarma cikin ɗakin kifi, a shirya a kwalaye, jirgi ya kai shi kasuwar Yelwa inda 'yan kudu ke lodawa a mota. Mu biyu ne a kan bandar, ni da Ige. Ige 'yar Gungawa ce, mutanen tsibiran kogi, ta girme ni nesa, mijinta ya rasu ba ta da ɗa a raye, kuma ba ta salla, abin da ta tarar iyayenta suna bi shi take bi. Ba ta da yawan magana, amma hannunta ya san wuta. Da ta dubi hayaƙi za ta ce maka kifin nan saura juyi ɗaya. Shekara shida muna aiki tare. Ladan aikinta daban, amma akwai abin da kowa ya san nata ne tun ranar da ta fara: ɓurɓushin da ya rage a kan tabarma bayan an gama shirya kwali, kai da wutsiya da duk abin da ya karye. Mai taya banda ke kwashe shi, haka ake yi a kowane gida.

Wanda bai yi banda da damina ba bai san wahalarta ba. Itace a jiƙe, iska a jiƙe, kifi ya yi baƙi a waje cikinsa da sauran ruwa. Ƙuda ya sauka ya yi abinsa ba ka gani ba, kwana uku a hanya kwali ya koma gidan tsutsa. Sau biyu a farkon daminar nan babanku yana dawowa daga Yelwa ba ya iya cin tuwo. A karo na biyu ma mai sayensa ya buɗe kwalin a gaban mutane ya juye shi ƙasa, 'yan dako suna dariya. Mutum ne mai jin kunya, abin ya ci shi ƙwarai. Daga nan sai abubuwa suka fara canzawa a gidanmu. Ya sayo kwaɗo ya sa wa ɗakin kifi, ɗakin da ko ƙyaure na kirki ba shi da shi a da. Ya ce daga yau shi kaɗai zai riƙa shirya kwali, mu dai mu sauke daga banda mu ajiye a bakin ƙofa. Kifin da za a ci a gida kuwa sai ya ware shi tun a kan banda, ya ce in rataye shi a ɗakin girki. Idan ya fito daga ɗakin sai ya daɗe yana wanke hannu da toka da sabulu. Kuma ɓurɓushi ya daina fitowa. Kasuwa uku Ige tana gama aiki tana ɗaure zanenta ta tafi da kwanonta wayam, ni ce kunya ke neman kashewa.

Kifinsa kuma ya daina lalacewa. Na wasu ya yi tsutsa, nasa ya isa kudu garau. Kakarku, wadda muke kira Inna Babba, sai murna take.

“Addu'ata ta,” in ji ta. “Ɗana bai taɓa cutar kowa ba, don mi Allah zai bar shi?”

Ni dai ban yarda addu'a ce ke buƙatar kwaɗo ba. Kun san ni, ba na iya ganin ƙofa a rufe in bar zuciyata ta huta. Na yi ta lissafi a raina, daga ƙarshe na tsaya a kan cewa wajen boka ya je aka ba shi asirin kasuwa, kuma sharaɗin bokan ne kada mace ta shiga ɗakin, kada a yi kyauta da ko ƙaya. Na ji haushi ƙwarai, mutumin da ke sahun gaba a masallaci. Wata ranar ma ke Asabe, kina shekara huɗu, kika lallaɓa bakin ƙofar yana ciki, kika ɗauki wutsiyar tarwaɗa a gefen tabarma. Babanku da bai taɓa ɗaga wa yaro hannu ba ya buge hannunki har kifin ya faɗi can, ya sa yatsa a bakinki yana lalube, kina tsala ihu.

“Dije! Ta ci? Ta kai shi baki?”

“Ba ta ci ba, Malam. Yo in ta ci hwa? Ba kihi na ba?”

Ya ɗauke ki ya kai bakin randa ya wanke miki hannu har sau uku. Ni kuwa da wayona sai na ce a raina, lallai bokan nan ya tsorata shi.

Ranar wata kasuwa ya makara, jirgi na shirin tashi. Ya fito da tabarmar a naɗe ya jingine ta bayan ɗaki, yana sauri yana saka hula.

“Ɓurɓushin da ke cikin tabarmag ga, ki haƙa rami ki binne shi.”

“Don mi, Malam? Haƙƙin Ige na.”

“Don nac ce. Ki binne shi, kin ji ko?”

Na ce na ji. Yana bacewa na warware tabarmar. Tarwaɗa ce zalla, ɓurɓushi mai kyau, har da manyan gutsattsari. Na ji ɗan wari kamar na kananzir, na ce fitilar da yake shiga da ita ce, ɗakin ba taga. A raina na ce ni ba zan binne abinci don in faranta wa boka ba. Na cika kwano na kai wa Ige, na kuma zuba ragowar a gwangwani na ɓoye a ɗakin girki don miyarmu. Ige ta ɗaga guda ta duba.

“Tarwaɗa ce,” ta ce. “Kin san gidanmu ba mu cin ta, tun kakanni. Amma Ramatu na jego, zan yi mata miya mai yaji. Na gode, Dije.”

Ramatu matar maƙwabcinta ce, katanga ɗaya ta raba su. Haihuwarta ta fari ke nan, kwananta goma sha biyu, uwarta tana nesa, Ige ce ke dafa mata ruwan wanka safe da yamma.

Bayan azahar muka ji kururuwa. Da na isa gidan ya cika. Ramatu tana kwance a tsakar gida tana amai, kumfa a bakinta, jikinta yana fisga, idanunta sun juye. Mata sun danne ta, wata ta ɗauke jinjirin. Can da ta ɗan lafa sai ta fara magana, murya na rawa, abu ɗaya take maimaitawa: Ige, miyar Ige. Ku da kuka tashi a birni ba za ku gane nauyin wannan ba. A wurinmu idan ciwo ya kama mutum farat ɗaya har ya ambaci sunan wani, an gama shari'a, maye ne ya kama kurwarsa kuma ga shi ya faɗi mai ita. Nan take wata ta tuna cewa Ige ba ta cin tarwaɗa. To don me za ta dafa abin da ita ba za ta sa a baki ba? Aka je aka jawo ta. Aka ce ta tsallake Ramatu sau uku ta saki kurwarta. Ta ce ita ba ta riƙe da kurwar kowa. Aka fisge mata zane, tsohuwa ta tsaya daga ita sai fatari a gaban maza da yara, ta tsallaka sau uku, aka ba ta ruwa ta kurkure baki aka ɗura wa Ramatu. Ina tsaye a wurin, na tura fuskar Asabe cikin zanena don kada Ige ta kalle ta. Ramatu ta yi ta amai har yamma, washegari ta buɗe ido, kwana biyu ta tashi zaune ta karɓi ɗanta. Kowa ya ce, kun gani, da ta tsallaka ai ta sake ta.

Zan so in ce muku ni ban yarda ba, amma na yarda. Ni da na kai kwanon da hannuna ban ko tuna da warin nan ba, domin wa ya taɓa jin kifin banda ya kayar da mutum haka? Sai ma na zauna ina tono abubuwan da suka wuce. Na tuna yadda Ige ke daɗewa tana kallon yara idan suna wasa. Na tuna cikin da na yi ɓari shekara biyu baya, ita ce ta fara lura ina da shi. Shirun nan nata da nake yabo, sai ya koma mini abin tsoro. Kajin Inna Babba biyu suka mutu a bayan ɗakin kifi, inda na warware tabarma, ta ɗaga su ta ƙafa tana nuna wa maƙwabta.

“Ga aikinta nan! Ta rasa mutum ta huce ga kaji. Dije, shekara shida kina kawo muna mayya cikin gida, Allah dai ya tsare ɗiyan ga.”

Da Ige ta zo aiki bayan kwana uku, a bakin ƙofa na tare ta. Na ce mata Malam ya ce a dakata da banda. Ƙarya nake yi, ga hayaƙi yana tashi a bayana. Ta dubi hayaƙin, ta dube ni, ta juya. Mai gari da dattawa suka zauna, suka yanke cewa ta bar garin. Dangin mijinta suka roƙa a bar ta ta karya 'yar masararta, aka ba ta kwana goma sha huɗu daga ranar da abin ya faru.

A rana ta biyar Sarkawa ba su samo komai ba, na rataye kuma ya ƙare, sai na tuna da gwangwanina. Na aza tukunyar miya, na fito da shi tsakar gida na buɗe, na ajiye gefe ina daka daddawa. Damina ce, ƙuda ko'ina, a bakin turmi, a kan kwanon da ba a wanke ba, a fuskar yara. Ina daka ina kallon gwangwanin, sai na lura babu ko ɗaya a kansa. Kifi a buɗe, da rana tsaka, a watan da ƙuda ke bin mutum har cikin baki. Na ajiye taɓarya na tsuguna. Can guda ya sauka, ya ɗan taka, sai ga shi a ƙasa rigingine yana juyi. Na daɗe a tsugune. Ina da wata kaza wake-wake da nake ji da ita, na kira ta na watsa mata ɓurɓushin, ta tsattsage shi tas. Kafin ruwan miya ya ƙone kazar nan ta fara tangaɗi, ta faɗi, ƙafafunta suna fisga, wuyanta ya juye baya. Abin da na gani a jikin Ramatu, shi na gani a jikin kazata. Ba fushi na fara ji ba. Sai na dubi tukunyar da ke jiran wannan kifi, na dube ku kuna wasa a gindin ɗorawa, ku uku a lokacin.

Na binne kazar a bayan gida. Da aka kira la'asar babanku ya tafi masallaci ya bar rigar aikinsa a rataye, na zaro mabuɗi daga aljihu. Cikin ɗakin, matattun ƙudaje ne jere a gindin bango. Ga kwano da ruwa fari-fari a ciki, ga 'yar tsintsiya da yake yayyafawa da ita, ga kwalba a saƙale cikin tsohuwar koma. Ban iya karatu ba a lokacin, amma hoton ƙoƙon kan mutum da ƙasusuwa biyu ba ya buƙatar makaranta. Maganin feshi ne, irin wanda manoma ke fesa wa wake. Ina riƙe da ita ya shigo.

“Malam, wanga shi na asirin?”

“Ruhe ƙohwa,” ya ce. Na rufe. Ya zauna a kan kwali ya cire hula. “Kowa na yi, Dije. Ni ne ma na ƙarshe da nif fara. Kaɗan nike sawa, cikin ruwa. Kahin shi kai kudu ya hita, su kuma can da ruwan zahi suka wanke shi.”

“In shina hita, mi yas sa ka buge hannun Asabe?”

Na gaya masa abin da ya sami kazata, na gaya masa inda Ige ta samu kifin da ta dafa. Na ga fuskarsa ta canza, ashe shi ma bai haɗa abin ba sai lokacin. Ya tashi tsaye.

“Nac ce ki binne! Ban ce ki binne ba? Ke kika ba ta da hannunki!”

Gaskiya ya faɗa, kuma ta shige ni. Sai ya sassauta murya ya ce in yi tunani. Tun da aka yi sabuwar jiha an turo sababbin duba-gari kasuwar Yelwa, kowa na neman ya nuna yana aiki, in maganar ta fita za su kwashe kayansa su ƙone, kuma babu ɗan kudun da zai sake taya shi. Ya ce zai rage, zai daina da zarar ruwa ya ɗauke. Inna Babba kuwa ashe tana bakin ƙofa tana ji. Da muka fito ta ja ni ɗakinta.

“Ramatu ta warke ko ba ta warke ba? Ta warke. Ige na da dangi can tsallake, ta koma cikinsu, mi ta rasa? Shi kau in ya hwaɗi, ke da ɗiyanki kunka hwaɗi. Ki kama bakinki, ɗiyata.”

Ranar ce kaɗai ta taɓa ce mini ɗiyata. Na kuwa kama bakina, kwana tara cur. Wannan shi ne wurin da dangin babanku ba su sani ba, da sun sani da sun ɗan yabe ni. Na yi ta gaya wa kaina abin da Inna Babba ta faɗa har na kusa yarda. Ina jin yara suna jifan rufin Ige da duwatsu. Ina gani idan ta zo rijiya mata su janye gugansu su kama 'ya'yansu. Ta karya masararta ita kaɗai tun ba ta gama ƙosawa ba, ta sayar da akuyarta. Da yamma takan zauna a bakin ƙofarta, fuskarta tana kallon gidanmu, ni kuwa na canza hanyar zuwa bakin ruwa, ina zagayawa ta bayan masallaci. Zargin da nake yi mata ya koma kaina. Duk wadda ta kalle ni sai in ga kamar ta sani. Abincin da na dafa da hannuna ma sai na shinshina kafin in ba ku.

Ana gobe Ige za ta tashi, Ramatu ta shigo gidanmu da jinjirinta a baya, ta rame, ta zo gode wa waɗanda suka duba ta. Ta gaishe da Inna Babba, ta juyo wurina.

“Yaya Dije, a taimaka min da ɗan kihi in an sauke. Ni yanzu tsoron na kowa nike ji. Na gidanku kaɗai nika iya ci.”

Na dubi Inna Babba, ta kau da kai tana gyara goronta. Ban san abin da na amsa wa Ramatu ba. Na dai san washegari da hantsi, babanku yana bakin ruwa, na ɓalle kwaɗon nan da taɓarya, na naɗe kwalbar a mayafina, na ɗauki gwangwanin da sauran ɓurɓushi a ciki, na nufi ƙofar mai gari. Dattawa suna zaune a zaure. Mace ba ta shiga wurin, sai na durƙusa a bakin ƙofa na ajiye kayana a gabana.

“Ranka shi daɗe, Ige ba mayya ta ba. Kihin da Ramatu tac ci daga gidanmu yaf fito, ni na ba Ige shi. Ga abin da ke cikinai. In ba a yarda ba a kawo kaza.”

Aka kawo kaza, ta yi abin da tawa ta yi, dattawa suna kallo. Aka aika kiran babanku. A nan zan faɗa muku abin da nake so ku riƙe game da shi. Ya zo, ya ga kwalbar, ya gan ni durƙushe, mai gari ya tambaye shi, ya ce, “Tawa ta.” Bai yi musu ba, bai kuma ce ai ya hana ni bayarwa ba, ni na faɗi wannan da bakina. Mai gari ya sa aka bincika ɗakunan sauran fatake, aka samu irin kwalbar a gida uku. Ranar aka tara kwalaye a bakin ruwa aka cinna musu wuta, warin ya hana kowa sakat. Su huɗu ne, amma sunansa ne ya riga jirgi isa Yelwa, domin shi ne wanda matarsa ta kai ƙara. Babu wanda ya sake taya kifinsa. A rana ta uku ya ce in tafi gida sai ya neme ni.

Abin da ya kai mu Shanga ke nan. Wata bakwai yana shiga jirgin wasu yana jefa koma kamar saurayi, mutumin da a da shi ake kawo wa kifi. Da kansa ya zo biko, ya durƙusa gaban mahaifina, muka dawo, kuma har ya koma ga Allah bai sake ɗaga maganar ba, kwalba kuma ba ta sake shiga gidanmu ba. Amma kasuwarsa ba ta dawo yadda take ba. Babban yayanku ya bar makaranta a shekarar, ya shiga jirgi tare da ubansa, kuma na san har yau abin yana ransa ko da ba ya faɗa. Inna Babba ta yi shekara huɗu a raye bayan nan, tana cin tuwona amma ba ta kallon fuskata. Su kuma sauran fataken, kada ku ɗauka sun tuba. Bayan damina biyu suka koma halinsu, sun dai ƙara iya ɓoyewa. Shi ya sa nake tsayawa gaban tire ina jiran ƙuda.

Da gangan na bar maganar Ige ƙarshe. Mai gari ya faɗa da bakinsa cewa ta zauna, ba ta da laifi. Amma a rijiya mata suka ci gaba da janye guga. In ba mayya ba ce, in ji su, me ya sa Ramatu ta tashi bayan ta tsallake ta? Safiyar da za mu tafi Shanga, kayanmu na cikin jirgi, na ce a jira ni, na shiga gidanta, karo na farko tun ranar da na tare ta a ƙofa. Na tarar tana ɗaure tukwane da igiya. Na durƙusa na ce ta yafe mini, ban san abin da ke cikin kifin ba lokacin da na kawo mata.

“Na san ba ki sani ba,” ta ce, ba ta daina ɗaurin ba. “Ni tun ranar na gane. Da suka sake ni na dawo na shinshina tukunyar.”

“To mi ya hana ki hwaɗi, Ige?”

“Wa zai ji ni? Ni da gidan Malam? Kuma alheri kika yi mini, ba zan kai sunanki wurin da suka tuɓe ni ba. Na ce Dije mai ido ce, za ta gane, za ta zo.”

“Ga shi na zo,” na ce, har ina jin ɗan sanyi a raina.

Ta ɗago ta dube ni.

“Na gan ki ranar da kika binne kazarki. Daga ranar nake zama bakin ƙofa. Kwana tara, Dije.”

Ba ta ɗaga murya ba. Ta tashi ta ɗauko kwanon da na kai mata ɓurɓushi a ciki, ta goge shi da toka har yana ƙyalli, ta miƙo mini. Na karɓa na fita. Da muka dawo daga Shanga wasu ne a gidan. An ce da baƙin ruwa, cikar kogi ta lokacin sanyi, ya zo ta haye wajen danginta, kuma ban sake ganinta ba. Na yi cigiya sau biyu, daga baya aka ce mini ta rasu.

Kwanon shi ne koren nan mai tsatsa a baki da ke saman kabad ɗina, wanda kuke ta cewa in jefar ku sayo mini sabo. Ku bar shi inda yake.